Tambaya da Amsa: Takardar Hutun Jinya Daga Likitan da Aka Gani ta Waya

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun fi karkata ne ga takardar shaidar rashin lafiya da likita yake bayarwa bayan ya gana da mara lafiya ta kiran bidiyo ko ta waya, don haka muka zaɓi biyar daga cikinsu, muka taƙaita su, domin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wani kamfani, kuma ƙa'idarmu ita ce duk wanda bai zo aiki ba saboda rashin lafiya sai ya kawo takardar likita. Kwanan baya zazzaɓi da mura suka kwantar da ni, na kasa fita, sai wani abokin aiki ya ce in yi magana da likita ta manhaja ya ba ni takarda. Shin irin wannan takarda tana da inganci kamar wadda ake karɓowa a asibiti?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Takardar tana iya zama ingantacciya, domin abin da yake ba takardar likita ƙarfi shi ne a ce likita mai rajista da lasisin aiki ya saurare ka, ya yi maka tambayoyi, ya auna halin da kake ciki, sannan ya sa sunansa a kan hukuncin cewa ba za ka iya aiki ba na wasu kwanaki. Idan waɗannan sun cika, a ƙasashe da yawa ba a damuwa da ko a kujerar ofishinsa ka zauna ko ta fuskar waya kuka ga juna. Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana mutane cunkoso a asibitoci, hukumomi suka fara rubuta wannan a cikin ƙa'idojinsu. Indiya ta fitar da nata jagoran a watan Maris na 2020, inda ta wajabta wa likita ya nuna lambar rajistarsa a kan duk abin da ya aika wa mara lafiya. A watan Disamba na shekarar kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta bayyana cewa ganawa ta bidiyo za ta iya tsayawa a matsayin zuwa asibiti a ƙarƙashin dokar hutun jinya ta 1993, muddin an yi duba ko magani a cikinta kuma hukumar lasisi ta jihar ta yarda da ita.

Sai dai kusan duk inda aka buɗe wannan ƙofa an sa mata iyaka, kuma a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. A Jamus, likitan da ya ga mutum ta bidiyo zai iya ba shi hutun da bai wuce kwana 7 ba idan an riga an san shi a wannan asibitin, amma idan baƙo ne, kwana 3 ne kawai. A watan Disamba na 2023 aka amince da bayar da takardar ta kiran murya zalla, har zuwa kwana 5, ga wanda asibitin ya sani kuma ciwonsa ba mai tsanani ba ne. Faransa tun daga 2024 ta tsayar da hutun da aka bayar daga nesa a kan kwana 3, sai fa idan likitan da yake bin lafiyar mutum a kullum ne ya bayar. Hikimar a fili take: likitan da bai taɓa ganinka ba, kuma bai taɓa jikinka ba, zai iya yarda da cewa mura ta kwantar da kai na kwana biyu ko uku, amma hutun mako biyu yana bukatar hujjar da ta fi abin da ido yake gani ta kyamara.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka fara yi kafin ka nemi likita, wato ko dokar ƙasarku ta wajabta takardar tun daga ranar farko. A Birtaniya, wanda rashin lafiyarsa bai wuce kwana 7 ba, har da ranakun da ba na aiki ba, shi da kansa yake cike takardar shaida, ba ya bukatar likita. A Jamus doka tana neman takardar ne idan ciwon ya wuce kwana 3, ko da yake wurin aiki yana da ikon nemanta tun kafin nan. A Afirka ta Kudu, sashe na 23 na dokar sharuɗɗan aiki ta 1997 ya ba mai kamfani damar hana albashin jinya idan ma'aikaci ya yi fiye da kwana biyu a jere bai zo aiki ba, ko ya yi fashin aiki fiye da sau biyu cikin mako takwas, bai kawo takarda ba. A Najeriya, sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya tanadi albashin jinya na kwanakin aiki 12 a shekara, da sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar. Bayan doka kuma akwai takardar ɗaukarka aiki da kundin ƙa'idojin kamfaninku, waɗanda sukan ƙara nasu sharuɗɗan: wasu ba sa karɓar takarda sai daga asibitin da suke hulɗa da shi, wasu kuma sukan nemi likitan kamfani ya sake tabbatar da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka karanta wannan kundi yanzu da kake da lafiya, ka tambayi sashen kula da ma'aikata ko suna karɓar takardar ganawa ta bidiyo, kuma ka nemi su ba ka amsa a rubuce.

Idan ranar ta zo, ka sanar da shugabanka da safe cewa ba za ka samu zuwa ba, domin sanarwa wajibi ce dabam da kawo takarda. Ka tanadi katin shaidarka, sunayen magungunan da kake sha, da lokacin da ciwon ya fara. Idan kana da ma'aunin zafin jiki ko na hawan jini, ka auna kafin kiran. Ka kuma bayyana wa likita irin aikin da kake yi, saboda ciwon bayan da zai hana mai ɗaukar kaya aiki ba lallai ne ya hana mai zama gaban kwamfuta ba, kuma maganin da yake sa barci ya fi zama haɗari ga direba. Da takardar ta iso, ka duba cewa tana ɗauke da cikakken sunanka, sunan likita da lambar rajistarsa, adireshi da lambar wayar asibitin, ranar ganawa, ranar da aka rubuta ta, da ranar fara hutu da ranar ƙarewarsa.

Tambaya: Na ga talla a intanet ta wani shafi da yake cewa mutum ya cike fom, ya zaɓi alamomin ciwonsa, ya biya kuɗi, takarda ta iso masa cikin 'yan mintuna ba tare da ya yi magana da kowa ba. Takardar tana da sunan likita da hatimi. Ni uwa ce mai yara ƙanana, wannan ya fi mini sauƙi. Mene ne aibinsa?

Amsa: Malama, na fahimci abin da ya ja hankalinki, domin ɗaukar yara zuwa layin asibiti alhali ke kanki ba ki da lafiya ba ƙaramin aiki ba ne. Duk da haka shawarata ita ce kada ki kusanci irin wannan shafi. Aibinsa shi ne babu ganawa a cikinsa. Takardar likita shaida ce, kuma wanda bai ji muryarki ba, bai ga fuskarki ba, bai ma tabbatar da cewa ke ce kika cike fom ɗin ba, ba shi da abin da zai shaida. Hatimi da sa hannu kuwa duk mai kwamfuta zai iya ƙirƙira su, kuma a wasu lokuta sunan da yake kan takardar na likitan da ba shi da rajista ne a ƙasar, ko na likita na gaskiya da bai san ana amfani da sunansa ba.

Hukumomi sun riga sun yi magana a kan wannan. Hukumar kula da likitoci ta Ostireliya, a cikin jagoranta da ya fara aiki ranar 1 ga Satumba, 2023, ta ce kula da mara lafiyar da likita bai taɓa magana da shi kai tsaye ba, ta hanyar cike fom ko saƙon rubutu kawai, ba aikin likita mai kyau ba ne, kuma ba ta goyon bayansa. A Jamus, wata kotun ƙwadago a birnin Balin ta yanke hukunci a 2021 cewa takardar da aka samu ta intanet ba tare da wata ganawa da likita ba, ba ta tabbatar da rashin lafiyar ma'aikaci. Faransa ta wuce nan a 2025, ta haramta kafa shafin da babban aikinsa shi ne rubuta wa mutane hutun jinya daga nesa.

Abin da ya fi ba ni tausayi a wannan lamari shi ne yawancin masu faɗawa tarkon ba maƙaryata ba ne. Mutum yana kwance da ciwo na gaske, sai ya sayi takardar da ba ta da tushe, ranar da aka gano sai ya rasa albashin kwanakin, ya kuma jawo wa kansa zargin ha'inci, wanda zai iya kaiwa ga kora daga aiki. A wasu ƙasashe ma lamarin yana shiga hurumin dokar laifuka: sashe na 278 na kundin laifukan Jamus yana hukunta wanda ya bayar da shaidar lafiya ta ƙarya, na 279 kuma yana hukunta wanda ya yi amfani da ita don yaudara. Ga kuma wata asara da ba a cika tunawa da ita ba, wato kin miƙa sunanki, ranar haihuwarki, bayanan lafiyarki da na katin bankinki ga mutanen da ba ki san inda suke ba.

Alamar da za ki gane shafin kirki da ita mai sauƙi ce. Yana haɗa ki da likita ku yi magana baki da baki, yana bayyana sunansa da lambar rajistarsa tun kafin ganawa, kuma yana faɗa a fili cewa kuɗin da kika biya na ganin likita ne, takarda kuma sai idan likitan ya ga dacewarta. Duk shafin da ya yi alkawarin takarda tun kafin a ji abin da yake damunki, ko ya bar ki ki zaɓi adadin kwanaki da kanki, takarda yake sayarwa. Ki ɗauki sunan likitan ki bincika a rajistar hukumar da take ba likitoci lasisi a ƙasarku, irin su GMC a Birtaniya, HPCSA a Afirka ta Kudu, ko MDCN a Najeriya. Ganawa ta gaske ta bidiyo ma a gida za ki yi ta, yaranki suna gefenki, don haka sauƙin da kike nema bai kuɓuce miki ba.

Tambaya: Na yi kwana uku a kwance makon jiya, na sha magani na warke ban ga likita ba. Yanzu ofis suna neman takarda. Likitan waya zai iya rubuta mini ita da kwanan watan baya?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa. Na farko shi ne likita ya sauya ranar da ya gan ka, ya rubuta cewa kun gana makon jiya alhali yau kuka gana. Wannan ƙarya ce, likitan kirki ba zai yi ba, kuma a ganawa ta manhaja ma ya fi saurin tonuwa, tunda na'ura tana ajiye ranar kira da lokacinsa. Na biyu shi ne ya rubuta ranar yau a matsayin ranar ganawa, sannan ya bayyana cewa a ganinsa ciwon ya fara ne kwanaki kaɗan da suka wuce. Wannan yana yiwuwa, amma da iyaka. Ƙa'idar Jamus ta yarda da shi ne a matsayin togiya, bayan nazari mai kyau, kuma galibi ba ya wuce kwana 3. Ƙa'idar likitocin Afirka ta Kudu ta bukaci takardar ta fayyace ko likita da idonsa ya ga alamomin, ko kuwa bayanin mara lafiya ya dogara da shi.

Matsalarka ita ce ka riga ka warke, don haka babu abin da likita zai gani. Iyakar abin da zai iya rubutawa da gaskiya shi ne cewa ka gaya masa ka yi rashin lafiya a ranaku kaza, kuma ofis suna da damar karɓa ko ƙi. Abin da ya fi maka shi ne ka je wa shugabanka da gaskiya, ka nuna rasidin magani ko saƙon da ka aika a ranar, ka tambaya ko akwai fom ɗin shaidar kai, ko kuma a cire kwanakin daga hutunka na shekara. A Ostireliya, alal misali, doka tana neman hujjar da za ta gamsar da mutum mai hankali ne, kuma takardar rantsuwa tana iya wadatarwa.

Tambaya: Ni ce shugabar sashen kula da ma'aikata a wurin aikinmu. Takardun da ake turo mana ta imel daga likitocin manhaja sun yi yawa, wasu babu sa hannu na biro, kuma ba sa faɗin ciwon da yake damun ma'aikacin. Ina da ikon ƙin karɓa, ko in kira likitan in tambaye shi?

Amsa: Ranki ya daɗe, rashin sa hannu na biro shi kaɗai ba hujjar ƙin takarda ba ne a ƙasashen da suka amince da sa hannu na na'ura. Birtaniya ta cire sharaɗin tawada daga takardarta a watan Afrilu na 2022, kuma daga watan Yuli na 2022 ta ba ma'aikatan jinya, masana haɗa magunguna, masu gashin ƙashi da masu koya wa majinyata komawa harkokin yau da kullum ikon bayar da ita, don haka a can ko rashin sunan likita ba ya ɓata ta. Jamus ta kauce wa gardamar gaba ɗaya ga masu inshorar lafiya ta gwamnati: tun daga Janairun 2023 likita yana tura bayanin ga kamfanin inshora, wurin aiki kuma ya ɗauko shi daga can ta na'ura, takarda ba ta bi ta hannun ma'aikaci.

Rashin ambaton ciwon kuwa daidai ne, kuma alama ce ta likitan da ya san aikinsa. Abin da wurin aiki yake da haƙƙin sani shi ne ko ma'aikaci zai iya aiki, da tsawon lokacin da zai yi ba ya nan. Sunan cutar sirrinsa ne. Bayanin da wurin aiki yake samu a Jamus ba ya ɗauke da sunan cuta, kuma a Afirka ta Kudu likita ba ya rubuta shi sai da yardar mara lafiya. Ki tuna cewa a cikin masu kawo miki takarda akwai mai fama da tsananin damuwa, akwai wadda ta yi ɓari, akwai mai cutar da yake tsoron a ƙyamace shi saboda ita, kuma da yawansu sun zaɓi ganawa ta waya ne don su tsira da sirrinsu.

Kina da damar tabbatar da sahihancin takarda: ki duba sunan likita a rajista, ki nemo lambar asibitin daga wata majiya dabam da takardar, ki tambaye su ko su suka bayar da ita a ranar da aka rubuta. Tambayar ta tsaya nan. Dokar hutun jinya ta Amurka ta tsara wannan da kyau, inda ta yarda jami'in kula da ma'aikata ya tuntuɓi likita don tabbatarwa ko neman ƙarin haske a kan abin da aka rubuta, amma ta hana shugaban da ma'aikacin yake ƙarƙashinsa kai tsaye yin wannan kira. Idan shakkarki a kan yawan fashin wani ma'aikaci ne, hanyar da ta dace ita ce a tura shi ga likitan kamfani ko wani likita mai zaman kansa. Ina kuma ba ki shawara ku rubuta ƙa'ida guda, ku raba wa kowa, wadda za ta faɗi kwana nawa kuke karɓa daga ganawa ta nesa da abin da takardar za ta ƙunsa, domin karɓar ta wani a ƙi ta wani ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba shi ne yake haifar da ƙorafi.

Tambaya: Na biya kuɗi na ga likita ta bidiyo saboda ciwon ciki mai tsanani, amma ya ƙi ba ni takarda, ya ce in tafi asibiti nan take. Ina ganin an cuce ni. Sannan ina da ɗan'uwa likita a wata ƙasa, shi zai iya rubuto mini?

Amsa: Malam, ba a cuce ka ba, wannan likita ya yi abin da ya kamata, kuma ina fatan ka bi maganarsa. Ciwon ciki mai tsanani yana cikin abubuwan da ba a iya tantancewa ta kyamara, domin sai an danna cikin da hannu, wani lokaci a ɗauki jini ko hoto, kafin a bambance ɓacin ciki da abin da yake bukatar tiyata a ranar. Haka ciwon ƙirji, wahalar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, zubar jini, suma, zazzaɓi mai sanƙarar da wuya, da duk wani ciwo mai tsanani ga mai juna biyu ko jariri. Da ya ba ka hutun kwana uku ka koma ka kwanta, da takardar ta zama sanadin jinkirin da zai iya cutar da kai. Asibitin da ya duba ka shi zai ba ka takarda, kuma tasu ta fi ƙarfi a irin wannan hali.

Batun ɗan'uwanka kuwa yana da cikas biyu. Lasisin likita yana aiki ne a inda aka ba shi, kuma abin da aka fi bi shi ne a duba inda mara lafiya yake a lokacin ganawa. A Amurka ko tsakanin jiha da jiha wannan sharaɗi yana aiki, Faransa kuma ta hana likitan da yake yin aikinsa a ƙasar waje rubuta hutun jinya ta ganawar nesa. Cikas na biyu shi ne dangantakar kanta, domin hukumomin likitoci da dama suna gargaɗin likita ya guji kula da danginsa na kusa in ba dole ba, kuma takardar da sunan mahaifin likita ya zo ɗaya da na mara lafiya ita ce ta farko da za a sa wa ido a ofis. Ɗan'uwanka zai iya ba ka shawara, ya taimaka maka ka fahimci sakamakon gwaji, ya kuma gaya maka tambayoyin da za ka yi wa likitan da yake duba ka, amma takardar ta fito daga likitan da yake da rajista a ƙasar da kake zaune kuma kake aiki.